Motar da Mama ta rufe

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da amaryarka da jaririyar da har yanzu a hoto kawai muka san ta. Allah ya raya ta, ya ba uwarta lafiyar shayarwa, kai kuma ya sassauta maka wahalar aiki. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar Mama tana nan yadda ka san ta, wata rana ta yarda wata rana ta ƙi. An cire wa Kawu haƙorin da ya dame shi, yanzu ya koma damun mutane da labarin cirewar. Baban yara yana fita aiki, yara suna makaranta, ni kuma ina kan keken ɗinkina. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira ka, domin duk lokacin da muke waya Mama tana zaune kusa da ni, kunnenta kuwa ya fi gwiwarta lafiya nesa ba kusa ba.

Maganar motarka ce. Ka tuna a watan jiya ka ce wataƙila ka zo ƙarshen shekara, a sa wani ya duba ta ya tayar da injin. Baban yara ya kawo makaniken da ke duba tasa, muka taru a gidan Mama, muka kwance igiyoyi muka yaye tampol. In gaya maka gaskiya, ko ranar da ka saye ta ba ta yi wannan ƙyallin ba. Shekara uku da wata huɗu tana tsaye, amma ko kashin tsuntsu babu a jikinta. Makanike ya sa sabon batir, ya zuba mai, ta yi tari sau biyu ta tashi. Mama tana riƙe da ƙofar kicin tana murmushi. Tayoyin duk sun yi ƙasa, ɗaya ta baya ma ta tsage, sai ya kawo jak zai cire ta. Yana murzawa, maimakon mota ta ɗaga, sai kan jak ɗin ya shige cikin ƙarfen, wani jan gari ya zubo ƙasa. Ya canja wuri, nan ma ya burma. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito sai da ya karkaɗe rigarsa tsaf, sannan ya ce wannan ba aikinsa ba ne, a nemi mai walda.

Washegari aka ɗora ta a babbar mota aka kai ta garejin wani mai walda da ke bayan masu sayar da katako. Dattijo ne mai ƙatuwar murya, aikin guduma ya ɗan taɓa masa ji, saboda haka duk maganarsa kamar faɗa ce alhali ba faɗa yake ba. Suna da rami da ake tura mota a kai. Baban yara ya ce in tsaya a inuwa zai faɗa mini abin da ya gani, na ce ban zo nan don a ba ni labari ba. Na tattare zanena na sauka. Mai walda ya haska fitila yana bin ƙashin motar da ƙaramar guduma, wato dogayen ƙarafan nan biyu da duk jikinta ke zaune a kai. Inda ƙarfe ke da rai sai ya yi ƙara mai zaƙi, inda ya mutu sai ka ji dum, ɓawo ya faɗo kamar na busasshen itace. Gaba da sauƙi. Baya ta hagu, daidai inda sifirin taya ke kamawa, ya tura babban yatsansa ya wuce. Ya nuna mini bututun birki ma ya fara kumbura. Ya ce da makanike bai kawo jak ba, da ka zo ka hau ta lafiya lau, sai ranar da ka faɗa rami da gudu sannan bayanta ya rabu da gabanta.

Na tambaye shi ko ta mutu ke nan, ya ce ba ta mutu ba. Ga abin da ya ce zai yi, na rubuta a bayan takardar awon wata riga don kada in manta. Zai kankare ƙarƙashin gaba ɗaya da buroshin waya har sai farin ƙarfe ya fito, domin wai in aka shafa fenti a kan tsatsa za ta ci gaba da cin ƙarfen a ɓoye, sai dai ido ya daina gani. Inda ya rube zai yanke har ya kai ga mai kyau, ya yi faci da sabon ƙarfe mai kauri ɗaya, ya canja bututun birki. Daga nan jan fenti sau biyu, sai baƙin fenti mai kauri a kai. Cikin ƙarafan kuma, da yake kwararo ne hannu ba ya shiga, zai fesa mai. Akwai wasu ƙananan huji da masu ƙera motar suka bari don ruwa ya riƙa fita, duk zanzaro ya gine su da laka, ya tsokale guda na ga ruwa ya tsiyayo. Bayan an gama, ya ce a ajiye ta a kan siminti inda iska ke ratsa ƙarƙashinta, a riƙa fita da ita ko sau ɗaya a mako, in an wanke ta a bar ta ta bushe sarai. Ya riga ya fara, ya ce mako uku. Wannan ɓangaren ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya faru shi ne, dattijon ya ce yana so ya ga inda motar ta zauna, don bai taɓa ganin wadda samanta ya yi kyau haka ƙasanta ya lalace haka ba. Baban yara ya kawo shi gidan Mama da la'asar. Ka san wurin, tsakanin katanga da bakin famfo, inda ruwan wanki ke bi ya wuce. Ƙasar nan har yanzu baƙa ce, ga sawun tayoyi huɗu sun nutse. Ga tampol ɗin a gefe, da bulullukan da ake danne bakinsa da su. Ya ɗaga shi ya ji kaurinsa, ya tambaya ko har ƙasa ake saukar da shi, aka ce masa har ƙasa. Sai ya ɗaga muryar nan tasa ya ce ai tukunya aka yi mata aka sa murfi, rana ta dafa ƙasa, tururi ya tashi ya rasa hanyar fita, ya kwanta a ƙarfe, kullum haka. Ya ce da a fili aka yar da ita ruwa da rana suna dukanta da ba ta yi rabin wannan ba, wanda ya rufe motar nan shi ya kashe ta. Baban yara yana ta yi masa alama da ido, shi ko a jikinsa. Mama tana zaune a bayan labulen ƙofa tana tsintar shinkafa, taku biyar tsakaninsu.

Kai ba ka san abin da tampol ɗin nan yake a wurinta ba, don ba ta taɓa faɗa maka a waya ba. Mako guda da tafiyarka ta je kasuwa da kanta, da gwiwar nan, ta zaɓi mafi kauri. Bai kai ƙasa ba, ta sa na ƙara masa ƙyalle a baki na ɗinka masa madaukan igiya. Duk Asabar sai ta yaye shi, ta wanke motar da sabulu, ta sheƙa mata ruwa bokiti uku, ta mayar da tampol ɗin tun kafin ta bushe wai kada ƙura ta hau. Ranar da ba ta iya tsayuwa, a kan kujera take yi. In na yi magana sai ta ce ai kai ka ce a rufe.

Kuma ka faɗa. Ina wurin. Ka sa jakarka a tasi, ka leƙo ta taga ka ce, Mama a rufe motar nan fa, sannan ka jefo mini makulli. Gilashin direba yana ƙasa, ƙofofi ba a kulle ba, na san kullewa kake nufi, kuma na kulle ta tun tasi bai sha kwana ba. Da na ga ta dawo da tampol na gane ta ɗauki maganar ta wata fuskar, na yi shiru. Na ga gidan ya yi mata faɗi bayan tafiyarka, na ce bari ta sami abin yi, tampol ba ya cizo. Ban san komai a kan tsatsa ba, amma na san abin da ka nufa, kuma ni na ɗinka madaukan. Saboda haka in ana rabon laifi ina da kaso babba, kuma abin yana damuna.

Bayan mai walda ya tafi Mama ta ci gaba da aikinta. Ta gama tsintar shinkafarta, ta fito ta ninke tampol ɗin ita kaɗai, ta ƙi a kama mata, ta tura shi ƙarƙashin gado. Yau kwana tara ke nan ba ta bi ta bakin famfo ba, sai dai a ɗebo mata ruwa. Abinci tana taɓawa ne kawai. Ba ta kuka, ka san ba halinta ba ne. Shekaranjiya ina yanka yadi a ɗakinta, ba tare da ta dube ni ba ta ce in tambaye ka, rufewa ka ce ko kullewa. Na ce mata rufewa na ji. Ta ce ba ni ta tambaya ba.

To ga shi na tambaye ka, na sauke saƙo. Yanzu ga nawa. Na san ka tun kana rarrafe, ba ka iya barin magana ta wuce ba ka gyara ta ba, in aka ce sha biyu saura sai ka ce saura minti nawa. Idan ka kira ranar Lahadi za ta karɓi wayar ta tambaye ka da bakinta. Ba na ce ka yi mata ƙarya ba. Rufewa ka ce, kalmar da ta fito daga bakinka ke nan, ka faɗa mata haka ka tsaya nan. Kada ka ƙara da cewa ai abin da kake nufi kaza ne, kada kuma ka ce ba komai mota ce kawai, domin ita ba ta ɗauke ta mota kawai ba, kuma za ta gane lallashi ne. In kana da ƙarfin hali ka ce kai ma ba ka san tampol yana yin haka ba, wanda na tabbata gaskiya ne. Ƙarfe dai mai walda ya ce zai dawo daidai. Wannan kuwa ba ni da wanda zan kai wa sai kai.

Kawu yana gaishe ka, haka Gwaggo da mutanen gidanta. Baban yara ya ce in gaishe ka, yara ma duk suna gaida kawunsu, ƙaramar ta ce a gaya maka ta iya rubuta sunanta. Ka gaishe mini da amarya, ka shafa mini kan jaririya. Na gaya wa Mama ina rubuto maka, na tambaye ta ko in sa gaisuwarta. Ta ce in bari tukuna, sai ta ji amsarka.

Wassalam,
Yayarka