Jan Littafin Rafi'u

Karantina, Jidda
Rajab, 1388

Zuwa ga Yaya Bashira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da duk mutanen Damagaram. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, an ƙwace mini wuri. Kin san shekara goma sha ɗaya ke nan, kowace Juma'a bayan la'asar, nake ba da labaran Baba a gidan shayin Hamad, 'yan dako da direbobi su cika benci. To, wani ɗan boko ya zo daga Yamai, Rafi'u, tafinta a kamfanin jiragen ruwa. Shi ba ya zama ya yi labari kamar mai kunya. Sai ya buga sanda a ƙasa sau uku, wai haka ake buɗe wasa a Faransa, ya miƙe ya zama alƙali, ya zama ɓarawo, ya zama tsohuwa. Har waƙa yake yi da siririyar murya, wai can akwai labarin da ake rerawa tun daga farko har ƙarshe. Mutanen da ke share hawaye a gabana yanzu shi suke wa tafi, ni kuwa shayina ya huce a hannu.

Abin da ya fi ci mini rai, in na fara nawa, shi ne a gaba da wani jan littafi, yana kallon bakina yana rubutu. Ai kin san mai rubuta maganarka ba ka sa shi ba, bakinka yake son ɗaurewa. Tun zuwansa sau biyu labari ya tsinke mini a tsakiya. Kishi nake yi, ba zan ɓoye miki ba.

Ki gaishe da kowa.
Ƙanenki, Haladu

Karantina, Jidda
Sha'aban, 1388

Yaya Bashira,

Ina gaisuwa, ina tambayar jikinki. Ni lafiyar jiki kam akwai.

Na yi abin kunya. Ran Juma'ar can Rafi'u ya bar littafin a benci ya tafi alwala, na cusa shi a riga. Na buɗe, rubutun Faransanci ne tsaf, ban gane ko ɗigo ba, sai na ƙara tabbata asiri ne. Washegari na ɗaura masa dutse na jefa a teku. Wallahi har daɗi na ji.

Jiya Rafi'u ya zo ɗakina, idanunsa jajur. Ya ce littafinsa ya ɓace, kuma kunyata ya fi ji, don labaraina ne a ciki, guda ashirin da uku. Wai a makarantarsu labaran Turawa kaɗai aka sa su haddace, bai taɓa jin wanda ya kai na Baba ba. Ya juya su Faransanci ne don 'yan wasan kwaikwayo na Yamai su yi su, da sunana da na Baba a shafin farko. Bai gaya mini ba, wai sai ya gama. Ya roƙe ni gafara, Yaya. Ni ya roƙa! Na ce Allah ya mayar da alheri, ban gaya masa ni na jefar ba.

Ya sayi sabon littafi, ya ce mu soma daga farko. Mun soma da na maƙerin da ya auri 'yar ruwa, na kai inda ta ba shi zobe, na tsaya cik. Ashe ba asiri ba ne, tsufa ne. Watannin baya na faɗe shi cikakke, ya rubuta, ga shi can ƙarƙashin ruwa. Ba ni da ɗa, ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka ji shi a bakin Baba.

Don Allah, in kina tuna abin da maƙerin ya yi da zoben, ki sa a rubuto mini kafin Juma'ar ƙarshen wata. Rafi'u zai zo da alƙalaminsa.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanenki, Haladu