Warin Esin Ɗakin Mama

Litinin, 3 ga Maris

Yau na buɗe ɗakin Mama. Shekara biyu da wata ɗaya da rasuwarta, shara kawai ke shigar da ni, in gama in ja ƙofa. Auta ce ta matsa min. Jarrabawar fita sakandare ta ƙarato, ɗakinta kuma titi yake kallo, ga zafi ga ƙarar masu walda.

Na samu rimot a aljihun gado, batirin har ya yi farin gari. Na canza, na kunna esin, na'urar sanyaya ɗakin. Ya yi 'yar ƙara, iska ta fito, sai wari. Kamar an jiƙa kaya a bokiti an manta da su kwana uku. Auta ta toshe hanci ta ce, "Umma, wani abu ne ya mutu a ciki?" Na kashe.

Yaya ne ya kafa esin nan da hannunsa. Sana'arsa ce. Ban ce wa Auta komai ba.

Talata, 4 ga Maris

Na fesa turare. Yanzu wari biyu ne a ɗakin.

Alhamis, 6 ga Maris

A kantin magani, muna jera kwalaye a kanta, na yi kuskuren ba abokin aikina labari. Ba banza muke ce masa Sarkin Shawara ba. Ya ajiye kwali ya gyara tsayuwa. Wai wari iri uku ne. In ƙauri ne, waya ce ke ƙonewa, a kashe nan take. In ɗoyi ne, ɓera ko tsaka ta mutu a ciki. In kuma warin danshi ne, fumfuna ce ta yi gida. Ina ta gyaɗa kai. Duk na sani, kuma na san inda na koya.

Ranar da Yaya ya kafa shi, Mama na kan kujera a bakin ƙofa tana ba da umarni. "Kai, ya karkace." Ya ce, "Mama, dole ya ɗan karkata, don ruwa ya gangara waje." Ta ce ita dai a idonta aikin bai yi kyau ba. Ya yi dariya har tsani na rawa. Da ya gama ya ce, "Likita, zo ki gani." Haka yake kirana tun ranar da na fara aiki a kantin magani. Ya ɗaga murfin ya zaro ragar da ke tace ƙura. "Wannan duk wata. Ruwa da sabulu. Ko ke za ki iya."

Shekara biyu ba wanda ya ce min Likita.

Asabar, 8 ga Maris

Na hau kujera na zaro ragar. Ƙura ta yi mata bargo, baƙi ƙirin. Na wanke a bayan gida da tsohon buroshi, ruwa uku, na shanya a inuwa yadda ya ce, don rana na lanƙwasa ta.

A cikin murfin akwai rubutunsa da baƙar maka. Ranar da aka kafa, lambar wayarsa, sannan "a wanke raga duk wata". Lamba bakwai ɗinsa mai sanda a tsakiya, yadda Baba ya koya mana. Na daɗe tsaye a kan kujerar har Maigida ya leƙo ya ce ko tsoron sauka nake ji.

Warin ya ragu. Bai tafi ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Laifina ne. Na ce ai ya ragu, na bar Auta ta shiga da littattafanta bayan azahar. Awa biyu ta fito ƙirjinta na kuka. Asmar da ta yi wata takwas ba ta tashi ba. Na ba ta abin shaƙarta, muka zauna a baranda har numfashin ya daidaita. Ni mai sayar da magani, na tura 'yata ta shaƙi fumfuna.

Maigida ya jira ta shige ciki, sannan ya ce, "Ki kira Yayanki mana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Na ce ba ni na yanke ba.

Ban taɓa rubuta abin ba, bari in rubuta. Da jikin Mama ya tsananta, Yaya na wani gari yana kafa esi a sabon bene. Aiki mafi girma da ya taɓa samu. Mama ta riƙe hannuna a asibiti ta ce, "Kada ki tayar masa da hankali, ki bar shi ya gama." Na bi maganarta kwana uku. Rana ta huɗu na kira shi, ya kamo hanya, kafin ya iso ta cika. A bakin ƙofar asibiti ya dube ni ya ce, "Kwana uku. Waya na hannunki." Shi ke nan. Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi.

Tun daga nan gaisuwarmu ta bakin matarsa take bi.

Laraba, 12 ga Maris

Maƙwabciya ta turo mai gyaranta. Ko minti goma bai yi ba ya ce gas ne ya yi ƙasa. Na ce me ya haɗa gas da warin danshi, ga shi kuma sanyi na fita? Ya ce, "Hajiya, aikinmu ne." Ya fesa wata kumfa mai ƙamshin lemo, ya goge murfin tas. Bai zagaya bayan gida ba, bai tambayi ta ina ruwan ke fita ba.

Ina kallon hannunsa ina jin haushi. Ba laifinsa ba ne da bai riƙe sukundireba yadda na saba gani ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Lemon ya tafi, warin ya dawo da ƙarfinsa. Na kunna don gwaji, sai ga ruwa na bin bango, daidai inda kan gadon Mama yake. Na sa roba.

Asabar, 15 ga Maris

Na zagaya bayan gida. Bututun da ke fitar da ruwan esin a bushe yake ƙamas, alhali na bar shi a kunne rabin awa. Da Mama na nan, har gwangwani take sa a tara mata ruwan, a zuba wa shukarta. Wato ruwan bai fita, a ciki yake kwana. Ga dalilin warin na gano, amma hannuna bai kai ba, kuma ina tsoron in ɓalla wani abu.

Da yamma na ce wa mai tasi ya bi ta layin masu gyara. Ba hanyata ba ce. Shagon Yaya na nan, an sake fenti. Bayansa kawai na gani, ya duƙa kan wani inji. Ƙeyarsa ta yi furfura. Yaushe?

Ban ce a tsaya ba.

Talata, 18 ga Maris

Sau huɗu ina rubuta wa Yaya saƙo ina gogewa. Na farkon ya kai shafi. Daga ƙarshe na kira matarsa, wai gaisuwa. Muka yi ta zagaye, yara, makaranta, zafi. Da za mu yi sallama ta ce, "Kin san duk sanda yanayi ya canza sai ya ce in tambayi ƙirjin Auta? Ni na gaji da zama ɗan aike tsakanin 'yan ciki ɗaya."

Na rubuta masa: "Yaya, ina wuni. Esin ɗakin Mama na wari, ya tayar wa Auta da asma."

Minti biyu. "Wane irin wari?"

"Na danshi. Bututun baya ba ya ɗiga."

"Kar ki ƙara kunnawa. Asabar."

Na karanta kalmomin nan biyar ya fi sau ashirin. Sarkin Shawara ya ce ko sakamakon asibiti ne aka turo min.

Alhamis, 20 ga Maris

Na wanke labulen ɗakin. Na sauya zanin gado. Ban san don me ba, esi zai duba.

Asabar, 22 ga Maris

Ya zo ƙarfe tara, shi kaɗai, da tsani a kafaɗa da jakar kayan aiki. Ya gaisa da Maigida sosai. Auta ta rungume shi, ya ce ta fi shi tsawo, wannan rashin kunya ne. Ni ya ce min, "An tashi lafiya?" yana kallon takalminsa.

A ƙofar ɗakin ya tsaya. Bai shiga ɗakin nan ba tun tana raye. Ya yi sallama a hankali, ba kowa a ciki, sannan ya sa ƙafa.

Ya cire murfin gaba ɗaya. Ƙarƙashin ƙarafunan da ke yin sanyi akwai wani dogon tire da ruwa ke taruwa. Cike yake da baƙin ruwa mai yauƙi. Ya haska min da tocila, fankar ciki duk ɗigo-ɗigon fumfuna. Ya ce, "Wa ya fesa masa turare?" Na ce ni, da wani mai gyara. Ya girgiza kai. "Raga dai kin wanke ta da kyau."

Muka zagaya baya. Ya zura waya a bakin bututun, sai ga laka na zubowa, busasshiya. Zanzaro ne ya gina gidansa a ciki ya toshe hanyar. Ya hura da famfo, ruwan ya tunkuɗo waje ya ɓata masa wando. Ya zuba ruwan ɗumi da ruwan khal ta sama har ya fito garau, ya ɗaura 'yar raga a bakin bututun.

Sai wankin ciki. Ya rataya leda ƙarƙashin esin ta gangara cikin bokiti, yana fesawa yana gogewa da ƙaramin buroshi. Ni ke riƙe da tsani. Bai ce in riƙe ba. Ƙafafunsa kawai nake gani, da tsohon tabon da ya ji a keke muna yara.

Yana can sama, fuskarsa a cikin injin, ya ce, "Ta kira ni, kin sani?"

Na ce wa?

"Mama. Ranar farko a asibiti, da wayar wata nas. Ta ce lafiyarta ƙalau, har tana min tsiya." Buroshin ya tsaya. "Na ji muryarta. Na san ba ƙalau ba ce. Na ce bari in ƙarasa hawa na uku."

Ruwa na ɗiga a bokiti.

Ya ce, "Na san ita ta hana ki. Tun a ranar na sani. Ban samu wanda zan ɗora wa ba ne."

Shekara biyu ina shirya amsar da zan ba shi, ta kare kai, ta neman gafara, har ta rashin kunya. Abin da ya fito shi ne, "Yaya, ka kula, tsanin na rawa." Ya ce, "To ki riƙe da kyau mana, Likita." Na kifa goshina a jikin tsanin. Ya ci gaba da goge-gogensa, ya yi kamar bai ji ba, ni ma na yi kamar ban ji yana jan hanci ba.

Da ya mayar da komai ya kunna. Iska kawai. Ba wari, ba ƙamshi. Ya tara mu kamar 'yan makaranta. Kafin a kashe, a bar shi a kan fanka minti goma sha biyar cikinsa ya bushe. Ko ba kowa a ɗakin, a kunna shi sau ɗaya a mako, a buɗe taga. A riƙa duba bututu. In an ji ƙauri, a kashe daga bango a kira shi. Auta ta ce, "In ba a ji ƙauri ba fa, Kawu?" Ya ce sai bayan wata shida.

Ya ci abinci a tsaye, wai yana da wani aiki. Amma sai da ya ƙara abincin.

Lahadi, 23 ga Maris

Auta ta yi karatun awa huɗu a ɗakin, ko tari. Na je baya na tsaya ina kallon bututu na ɗiga, kamar wata marar aikin yi.

Wata shida. Na ƙirga, Satumba ke nan.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na kira Yaya a hutun rana, daga bayan kanta. Na ce kamar ina ɗan jin wari-wari, kaɗan dai, in an fara kunnawa.

Ba na jin komai. Jiya ma na shiga na shaƙa har kaina ya yi nauyi.

Ya ce shi ma tun ranar yake tunanin akwai wata kusurwa da bai duba da kyau ba, gara a sake buɗewa. Yaya, da ko ƙusa ba ya mantawa. Na ce to gara dai a duba.

Asabar zai zo. Ya ce yaran za su biyo shi, da mamansu, don su taya shi riƙe tsani.

Sai na ƙaro kujeru.