Daga Ƙasan Rijiyar Babanki

Zuwa ga Zubaidatu, sanyin randar sabuwar ƙasa, inuwar tsamiya a azahar ɗin bazara, hasken idon Dabo mahaƙin rijiya. Sallama a gare ki, wadda ta fi igiyata tsawo!

Jiya da la'asar ina ƙasan rijiyar da nake haƙa wa Baba a ƙofar gidanku, gaba goma sha ɗaya cikin ƙasa, Malam Sajo na sakandaren Gwarzo ya zo zance. Tunda Shari'a ta mai da zance na rana a bainar jama'a, kuka shimfiɗa tabarma a bakin ramina. Kun manta da ni. Wallahi kaf na ji!

Ya ce miki wai duniyoyi huɗu ne na dutse suke kewaya rana kurkusa, har da tamu. Wai ke ce Zahra, tauraruwar asuba. Kayya! Shi da bakinsa bai ce zafinta yana narkar da dalma ba? Ta kusa da rana ƙonanniya, jar nan da ya kira Mas busasshiya ƙayau. To wannan yabo ne ko zagi? Mutumin da bai taɓa ɗaga diga ba, shi zai yi miki bayanin dutse? Ni na san dutse, Zubaidatu, sati uku ina saran fa a ramin nan, tafin hannuna duk ya yi kanta. A cikin huɗun nan ɗaya ce tak ake zura wa guga ya fito da ruwa, kuma a cikinta nake tsaye.

Abin da ya ƙona ni, dariya kika yi masa. Irin dariyar da kika yi min ranar da kika zuro min kwanon fura a guga, kina leƙowa, fuskarki ta rufe min ɗan sararin sama da nake gani. Tun ranar nake son ki, son da yake hana ni cin tuwo.

Famfon gwamnati ya shekara biyu a kafe, garinmu Madadi duk ƙishi. Je ki ce malamin taurari ya ɗebo miki daga Zahra mana!

Na san Juma'a Baba zai tambaye ki wanda kika zaɓa. Ki tausaya min, farin cikina. In kuma Sajo kika ambata, ba zan ajiye diga ba. Yau da hantsi ƙasar ta fara danshi. Zan ƙarasa, in ɗaure bakin rijiyar da siminti, ranar bikinki da ruwana za a dafa masa shinkafar angwanci.

Naki har ranar da za a haƙa nawa ramin,
Dabo