Ƙayar Bayan Marina

Gwaram, farkon Rajab

Zuwa ga yayana Alhaji Badaru a Birnin Kudu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya mutanen gida? Da fatan gajiyar hanyar Makka ta sake ka.

Maigidana dai shawara ta kwantar da shi. Idonsa ya rine, fitsari ja wur, ko ƙanshin miya ba ya so. Yau kwana ashirin bai leƙa marina ba. An sha saiwa, an sha rubutu, shiru. Na tuna ƙwayar maganin hanta da ka zo da ita daga Misira a hanyarka ta dawowa, wadda ka ce uwarta ƙaya ce mai ganye kamar an yayyafa masa nono. Don Allah ka aiko mini ta hannun fatake. Na san ka da maƙo, to wannan karon ka saki hannu.

Ƙanwarka, Turai

Gwaram, ƙarshen Rajab

Yaya Alhaji,

Ina gaisuwa, a gaida Inna. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Na daka na riƙa zuba masa a kunu kamar yadda ka ce. Ko ita ce, ko ciwon ne ya gaji, oho, amma idon ya fara washewa, har ya ci tuwo loma huɗu. Sai dai ɗan ƙunshin naka kwana tara ya yi.

Ashe abin da ka ɗauko tun daga Misira yana nan bayan marina, jingim! Ganye mai ƙaya, da farin zane kamar nono, sak yadda ka kwatanta. Ƙwayoyin ne dai ƙanana baƙaƙe, ba kamar naka ba, amma na ce ƙasa ce ta bambanta, ai geron Gwaram ma bai kai na Kangire tsawo ba. Na tara masaki guda. Kada ka wahalar da kanka da sake aike.

Turai

Gwaram, tsakiyar Ramalan

Yaya Alhaji,

Ina gaishe ka, ya ibada? Na ji Inna ta so zuwa gaisuwa ƙafa ta hana ta. A ce mata na gode.

Ka ji rasuwar maigidana, amma ba ka ji yadda aka yi ba. Sati biyu da fara ba shi tawa ƙwayar, ƙafafunsa suka kumbura, in ka danna yatsa sai gurbin ya zauna. Na ce ciwon ne ke sauka ƙasa zai fita, na ƙara masa. Ya ce tana ƙona masa ciki, na yi masa faɗa, na ce namiji da raki. Ya shanye don kada raina ya ɓaci. Daga baya numfashi ya gagara, ranar Laraba da hantsi ya cika.

Ban yi kuka ba. Ina zaune a takaba, a kawo abinci in ci, a ce Allah ya jiƙansa in amsa. Mata sai yaba mini suke, wai ba a taɓa ganin mai jinya kamata ba. Ina jin su kamar daga bayan danga.

Shekaranjiya A'i mai kawo mana nono ta ga sauran ƙwayar a masaki. Ta ce a rugarsu kwarko suke kiranta, ko akuya ba ta cin ta, me nake yi da ita a ɗaki? Na ce shara ce.

Yaya, kai ka ga ƙayar Misira a tsaye da idonka. Kada ka ce mini kwana ne ya ƙare, wannan na ji shi a bakin kowa. Abu ɗaya nake so ka rubuto, ko da ba gaisuwa: wane launi ne furenta? Na tawa ruwan ɗorawa ne.

Ƙanwarka, Turai