Fetur Zalla

Laraba da dare, Haɗeja

Injin yankan itacena ya mutu yau, ko wata bai rufa a hannuna ba.

Tun da kafaɗar nan ta fara ciwo gatari ya gagare ni. Shi ya sa na bi shaguna a Kano ina ɗaga injuna ɗaya bayan ɗaya, har na samu mara nauyi, wanda zan iya datse bishiyoyin da ambaliya ta kayar mini a gona da shi. Yaya Habu na ganinsa ya yi dariya, wai abin wasan yara na sayo. Amma shi ya fara zuwa aro.

Na ce, "Yaya, sai an gauraya fetur da baƙin mai fa, ba irin injin ban ruwa ba ne."

Ya ce, "Ni za ka koya wa inji? Tun kana goye nake fama da su a fadama."

Fetur zalla ya ɗura masa. Makanike ya ce inji ya buga, babu gyara.

Ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. A gaban Inna ya dire shi yana cewa, "Ai na faɗa maka ƙaramin inji ba ya aiki." Inna ta yi mini kallon nan na babba ne, yi shiru. Na ce, "Ba komai, Yaya." Bakina ne ya faɗa, ba ni ba.

Ga itace can kwance a gona. Na ce gobe zan daure in wasa gatari, sai na tuna shi ma yana gidansa tun bara.