Ƙwan Lantarkin Baba a Cikin Piyanon Faransa

Zuwa ga Yaya Salomi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Mama? Allah ya ƙara mata sauƙi. Na ji Sharon ta ci jarrabawa, barka!

Yaya, ki gyara zama. Kin san bizata ta kusa ƙarewa, kuma maigidanmu a shagon gyaran piyano da ke unguwar Ras Al Khor ya ce zai rage ma'aikata, ni ne na farko. Ana haka sai wani tsohon kamfanin piyano na Faransa, wanda a da sai masu hannu da shuni ke sayen kayansa, ya farfaɗo bayan ya daɗe a rufe. Za su buɗe shago a nan Dubai, suka kawo mana piyanonsu mai shekara ɗari mu gyara don bikin buɗewar. Saura kwana huɗu madannansa suka cije, ka danna ba sa tasowa. Baturen da suka turo ya kwance, ya ɗaura, a banza. Maigidanmu ya ce khalas, wato shi ke nan, aikin ya kuɓuce. Wallahi har na fara tunanin haɗa jaka.

Ni kuwa ina taɓa katakon na gane danshin teku ne ya kumbura shi. Kin tuna yadda Baba, Allah ya ba shi hutawa, yake kunna ƙwan lantarki a cikin piyanon cocinmu na Kagoro da damina, kina tsokanarsa wai ƙyanƙyasar kaji yake yi? To, shi na yi, don zafin ƙwan ya busar da danshin. Baturen ya yi dariya, ya ce ko mahaukaci ne ni. Na ci gaba da aikina, mai haƙuri yakan dafa dutse. Kwana uku, madannai suka saki tas! Ranar biki da aka buga shi, sai da na ɓuya a bayan labule na share hawaye.

An sabunta mini biza, kuma kamfanin ya ce duk piyanon da suka sayar a nan ni zan riƙa dubawa. Al'adarsu ce mai gyara ya rubuta sunansa a cikin katako. Da Baturen ya miƙo mini fensir, sunan Baba na rubuta, da Kagoro a ƙasa. Ki karanta wa Mama wannan wurin sau biyu.

Ki gaida Mama, da Kawu Jonah, da Sharon, da maƙwabcinmu Gidaɗo.

Ƙanenki da ke kewarku,
Elkana