Ina Macen da Aka Ce Za a Kawo Ɗakin Magani?

Zuwa ga Babban Likita mai kula da ɗakunan maganin ƙasarmu,

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri. Ni manomi ne a Limawa, da furfurata na koyi boko a ajin yamma, saboda haka a yi haƙuri da rubutuna. Ina cikin murna, 'yata ta fari ta haifa mini jika namiji, har yanzu bakina bai rufu ba. Amma akwai abin da ya ci mini rai, kuma gara kowa ya ji.

1. Da za a gina ɗakin magani, wakilinku ya tsaya gaban dattawa ya ce za a kawo mace mai duba mata. Ni na bi gida-gida ina maimaita maganar. Da kaina na kwaɓa ƙasar tubali. A gidana na hana jiƙe-jiƙe, har maƙwabta suka riƙa kirana yaron Bature.

2. Mai ɗakina ta kai shekarun da al'ada ke shirin ɗaukewa. Zafi kan taso mata daga ƙirji, gumi ya jiƙe ta, barci ya gagara. Sai al'adar ta tsaya wata da watanni, daidai lokacin da 'yarmu ta dawo gida goyon ciki. Ta ɗauka ita ma cikin ne. A wurinmu, uwa ta haihu tare da 'yarta abin kunya ne da ake yi wa waƙa a bakin rijiya. Ba ta gaya wa kowa ba.

3. Da na ga tana ramewa, na lallashe ta na kai ta wurinku. Ba mace. Saurayi ne, sa'an ɗanta, yana tambaya ta taga da ƙarfi, maza na layi suna ji. Ta ce kanta ke ciwo. Aka ba ta maganin ciwon kai, muka dawo.

4. Daga nan ta koma yi wa kanta magani a ɓoye. Ita ke dama wa mai jego kunun kanwa, sai ta ware nata ta ƙara jar kanwa da saiwoyin da wata mai talla ta ba ta. Jini ya ɓalle, ya ƙi tsayawa. Ranar suna ina zaure ina raba goro, ita tana kwance a bayan rumbu. Ashe ba ciki ba ne, girma ne kawai. Da ta sami mace mai sani, da magana ɗaya ta wadatar.

Tsofaffin matan da suka ɗauke ta daga bayan rumbun sun gaya mini ba ita kaɗai ba ce. Ban ga laifin saurayin nan ba. Ku da kuka yi alkawari nake tuhuma, don da bakina kuka yaudari mutane.

Roƙona, a kawo macen nan. In ba ta samu ba, a horar da ungozomarmu, a ba ta ɗaki mai ƙofa. Mai ɗakina tana da rai, amma ko jikanta ba ta iya ɗagawa, jinin kuma bai yanke ba. Ranar kasuwa zan ɗoro ta a jaki in kawo ta. Ta rantse in namiji ta tarar, ba za ta sauka ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka ji tausayin iyayenmu mata.

Wassalam, daga mai jiran amsarka,
Malam Isiyaku, Limawa.